Darasi: Tafiyar Ƙasa Zango-Zango da Kare a Fadamar Haɗeja

A ƙasar Haɗeja babu dutsen da zai sa mutum haki. Daga Auyo har Guri, daga Kafin Hausa har Birniwa, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, jigayi da fadamu, goruba da gonakin shinkafa. Amma duk wanda ya taɓa ratsa ta a ƙafa ya san tana da tata wahalar. Hanyar da aka bi da busasshiyar ƙafa a watan Fabrairu, a watan Satumba sai da kwalekwale. Ƙauyen da ake hango masallacinsa da hantsi, mai yiwuwa sai la'asar a isa, don ciyawar kacala ta toshe tsakani, dole a zagaya. Idan kuma matafiyin yana tare da karensa, kamar yadda mafarauta da makiyaya da masu gadin gona kan yi, lissafin ya zama na rai biyu, ɗaya daga ciki kuma ba shi da bakin cewa ya gaji.

Darasin nan zai nuna yadda ake yanka doguwar tafiya gida-gida, da yadda ake gina tsarin a kan ƙarfin kare, tunda shi ne mai rauni a ayarin ko da kuwa shi ne kullum a gaba yana kaɗa jela.

Tsohuwar dabara

Yanka tafiya zango-zango daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Fataken goro da ke zuwa Gwanja, a Ghana ta yau, sukan yi watanni a hanya kafin su isa kasuwar Salaga. Madugu ne shugaban ayari, jagaba yana gaba yana duba hanya. Sukan tashi da asuba, su sauka kafin rana ta yi tsanani, kuma wurin saukar sananne ne tun kafin a ɗaure kaya: inda akwai rijiya ko mashaya, akwai ciyawar jakuna, akwai sarkin da za a gaisa da shi a biya kuɗin wucewa. Jaki ne ke yanke tsawon tafiyar yini. Madugun da ya kashe dabbobinsa da gaggawa ya kashe jarin mutane.

Alhazan ƙasa sun fi kowa ƙwarewa a wannan. Kafin jirgin sama ya yawaita, mutum kan tashi daga ƙasar Kano ko Haɗeja ya bi ta Borno, ya ratsa Cadi ta Abeshe, ya shiga Sudan ta Alfashir da Al'ubayyid, har bakin Bahar Maliya. Da yawa sun yi shekaru a hanya. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi noma ko ƙwadago, musamman a gonakin auduga na Jazira da aka buɗe a 1925, a tara abin da ya samu a ƙara gaba. Wasu ma can suka zauna, jikokinsu suna Sudan har yau.

A Amurka an mai da irin wannan tafiya abin nishaɗi da motsa jiki. Akwai wata hanyar ƙafa da ta bi doron tsaunukan Afalashiya, tsawonta kusan kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14, daga Dutsen Springer a Jojiya zuwa Dutsen Katahdin a Maine. Wani mai suna Benton MacKaye ne ya kawo shawarar yin ta a 1921, aka kammala ta a 1937. Masu bin ta a tashi ɗaya sukan yi wata biyar zuwa bakwai, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne ke kaiwa ƙarshe. Amma mutum na farko da ya taka ta gaba ɗaya, Myron Avery, guntu-guntu ya yi ta cikin shekaru, yana tura keken awo, ya kammala a 1936, tun kafin a ƙarasa aikin hanyar. Sai a 1948 Earl Shaffer ya bi ta a tashi ɗaya. Har yanzu ma'aikata da masu iyali tsarin Avery suke bi: a yi kwana uku ko mako guda, a koma gida, baɗi a ɗora daga inda aka tsaya.

Masu kare a can suna da ƙarin aiki. Akwai wurare uku a kan hanyar da aka hana shiga da kare: gandun Great Smoky Mountains, da gandun Baxter inda hanyar ta ƙare, da wani ƙaramin gidan namun daji a Dutsen Bear a jihar New York. Dole mai kare ya san wannan tun yana gida, ya shirya wanda zai riƙe masa dabbar. Abin da ya kamata ɗalibi ya ɗauka daga nan shi ne tsarin, domin tsaunukan nasu ne, mu namu abin hawa da sauka ruwa ne.

Kogi da lokaci

Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano yake tasowa, inda Kogin Kano da na Calawa suka haɗu. Tun daga sama reshen Kafin Hausa ya ware, da ya wuce garin Haɗeja kuma sai ya ƙara rarrabuwa: ga tsohon kogi, ga Burum Gana, ga mashigar Marma da ke zuba a tafkin Nguru. Tsakanin waɗannan rassa ne fadamar take, kuma kowace shekara kamanninta na sauyawa.

Madatsun ruwa biyu sun ƙara dagula lissafin matafiyi. An gama Tiga a 1974, Calawa kuma a 1992. A da, kogin kan cika da damina ya janye da rani, kowa ya san lokacinsa. Yanzu ana sako ruwa da rani don noman rani, saboda haka mashigar da ya kamata ta bushe a watan Maris tana iya kasancewa da ruwa har ƙugu. Wannan ruwan da ba ya yankewa shi ya ba kacala damar mamaye mashigai, ta toshe wasu ta karkatar da ruwa zuwa inda ba a saba gani ba. Ga kuma ambaliya, irin ta 2012 da 2020 da 2022, wadda kan cinye hanya ta bar wata sabuwa. Taswirar da aka buga shekara goma da suka wuce tana iya nuna gari daidai, ta yi ƙarya a kan hanyar zuwa garin. Hoton tauraron ɗan'adam da ke cikin wayar hannu ma haka, don ba a san watan da aka ɗauke shi ba.

Saboda haka tambaya ita ce babbar taswira, kuma akwai waɗanda ya kamata a tambaya. Masunci ya san zurfin mashiga da inda mai fito yake. Bafulatanin ruga ya san burtali da mashaya da inda laka ke riƙe ƙafar saniya. Ɗan acaɓa ya san gadar da ta karye makon jiya. Kada a tambayi mutum ko hanya tana da kyau, don zai ce lafiya lau. A ce masa: "Baba, yaushe rabonka da bin ta? Ruwan ya kai ina a jikinka?" Amsar da ta zo da rana da ma'auni ita ce abin riƙewa, kuma a nemi ta mutum biyu.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwa ya fara ja, hunturu ya sanyaya gari, an girbe yawancin amfanin damina. Watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba na doguwar tafiya da kare ba ne ko kaɗan. Agusta zuwa Oktoba kuwa na kwalekwale ne.

Lissafin zango

A ɗauki misalin mai son zuwa Nguru daga Haɗeja. A miƙe a kan taswira nisan bai kai kilomita 70 ba, amma ƙafa ba ta tafiya a miƙe a fadama. Da zagaye-zagaye, a ƙaddara kilomita 80 ko fiye.

Masu hawan tsaunuka suna da wata ƙa'ida da wani ɗan Sikotilan, William Naismith, ya tsara a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Wanda zai hau tsaunukan Shere na kusa da Jos, masu tsayin mita 1,829, ko Chappal Waddi na Jihar Taraba mai mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Nijeriya, zai amfana da ita yadda take. A fadamar Haɗeja rabin farko kawai ke aiki, shi ma sai an rage. A rairayi mai zurfi ko taɓo, mai kaya a baya da kare a igiya ya yi kilomita 3 a awa ya yi ƙoƙari. Kowane fito kuma a ware masa awa guda, don mai kwalekwale yana iya kasancewa a wancan ƙetaren yana cin abinci.

Awoyin tafiya su ne daga bayan sallar asuba zuwa ƙarfe goma, sai kuma daga bayan la'asar zuwa gab da magariba. Wato kamar awa shida. Shida sau uku sha takwas, a cire hutu, ya rage kilomita 15. To, kilomita 80 a raba da 15, ya ba da yini biyar da ɗoriya, a ce shida. Wanda ba shi da kwana shida a jere sai ya raba su uku, kwana bibbiyu, ya yi Haɗeja zuwa yankin Kiri Kasamma a wannan makon, ya ɗora zuwa Guri wani makon, ya ƙarasa Nguru daga baya.

A nan ne wata ƙa'ida take da muhimmanci: kowane yanki ya fara kuma ya ƙare a inda abin hawa ke zuwa. Dalili biyu ne. Na farko, don a iya komawa gida a dawo. Na biyu, in kare ya ji ciwo ko mai shi ya kamu da zazzaɓi, a san tazarar da ke tsakaninsu da titi. Ranar kasuwar ƙauye ita ce ranar da mota ta fi samuwa, saboda haka mai dabara kan daidaita ƙarshen zangonsa da ita. Sai dai ba kowane direba ke yarda ya ɗauki kare cikin fasinjoji ba. A yi wannan magana da shi tun kafin ranar, ko a shirya da mai a-kori-kura.

Shi kansa karen

Karen gida na ƙasar Hausa, siriri mai gajeren gashi, ya fi karnukan Turai masu kauri jure zafi nesa ba kusa ba. Duk da haka kare ne, kuma kare ba ya gumi a jiki kamar mutum. Da haki yake sanyaya kansa, sai ɗan gumin da ke fita a dagi. Idan iskar da yake shaƙa ta yi zafi, hakin ba ya wadatar da shi. Alamomin sun bayyana: harshe ya zazzalo ya yi ja wur, yawu ya yi kauri yana dalala, yana neman inuwa yana kwanciya, daga baya ya fara tangaɗi ko amai. Da an ga haka tafiya ta tsaya. A kai shi inuwa, a zuba masa ruwa mai sanyi a ciki da hammata da wuya, a yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Abin takaici, kare mai biyayya yakan ci gaba da bin ubangidansa har ya faɗi, don haka jiran ya ƙi tafiya jiran makara ne.

Ruwan shansa yana da lissafi. Kare na buƙatar kamar mililita 60 ga kowane kilo na nauyinsa a yini in yana zaune a gida. Mai kilo 15 ke nan kusan lita guda. A kan hanya a ninka, lita biyu, ban da na mai shi. Wani zai ce ai fadama ce, ruwa ko'ina. Gaskiya ne, amma kududdufin da ke gefen gonar tumatir ko shinkafa yana iya ɗauke da maganin feshi, kuma ruwan da ya daɗe a kwance har ya yi kore yana iya kashe dabba. Shi ma mutum, shiga irin wannan ruwa ne ke jawo tsargiya, mai sa fitsarin jini. A cika jarka a rijiyar burtsatse a duk garin da aka ratsa, a riƙe wa kare ƙwaryarsa daban.

Dagi shi ne takalminsa. Rairayin rana tsaka yana ƙona shi. A ɗora bayan hannu a ƙasa a ƙirga zuwa biyar, in hannu bai jure ba, ƙafar kare ma ba za ta jure ba. A kowane hutu a zauna a ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, a buɗe tsakanin yatsu. Nan ƙarangiya ke maƙalewa, nan tsidau ke shiga ya karye. Kare mai ɗingishi da safe, in an duba, sau da yawa ƙaya ce guda da ba ta kai ƙwayar gero ba, wadda da an cire ta jiya da yamma da ba ta yi ruwa ba. Da dare kuma a laluba kunnuwa da wuya da gindin jela don kaska. A kama ta daf da fata a ja a hankali har kan ya fito.

Abinci a ƙara masa fiye da na gida, a ba shi da yamma bayan ya huta, kada a cika masa ciki ana shirin tashi. Tuwo ko dambu da ɗan nama ko busasshen kifin da aka cire wa ƙaya ya isa. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, goro ma guba ne a gare shi. A wuraren masunta kuma a hana shi cin kayan cikin ɗanyen kifi. Nijeriya ta samu shaidar rabuwa da kurkunu a 2013, amma a Cadi, a ƙauyukan masunta na bakin Kogin Shari, cutar ta koma jikin karnuka, har aka samu kusan dubu biyu da ita a 2019, kuma masana na danganta abin da cin kayan cikin kifi da kwaɗi. Wannan ya isa ya sa mai kare a kowace fadama ya kula.

Kwikwiyon da bai shekara ba, da tsohon kare, da karya mai ciki ko mai shayarwa, a bar su gida. Wanda za a tafi da shi kuma a fara saba masa makonni kafin ranar, kilomita 3 yau, 5 jibi, har ya iya yin 15 ya tashi gobe garau.

Sai babbar magana, allurar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma yara ne kaso mai yawa. Da zarar alamunta sun bayyana babu magani. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin allurar, ana kuma samun ta a asibitocin dabbobi. A yi wa kare tun yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, a tafi da takardar shaida a aljihu. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a nufi asibiti a ranar. Wanda ya ratsa ƙauyuka goma da karen da ba a yi wa allura ba ya ɗauki alhakin yaran ƙauyuka goma.

Maciji ma yana nan, kububuwa da kasa da gamsheƙa, kuma kare da hancinsa yake bincike. Igiya ce rigakafi, musamman da asuba da magariba. In sara ya auku ga mutum ko dabba, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure tam. A hana motsi, a ɗauka zuwa asibiti. In gamsheƙa ta tofa dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take.

Ƙasar mutane ce

Babu taku ɗaya a fadamar nan da ba shi da mai shi. Gona ce, ko burtali, ko wurin su, ko gandun gwamnati. Dajin Baturiya da ke Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, tafkin Nguru da mashigar Marma kuwa tun 2000. Lokacin hunturu, daidai lokacin da tafiya ta fi daɗi, shi ne lokacin da agwagin ruwa da sauran tsuntsaye ke saukowa daga Turai bayan sun ƙetare Sahara. Karen da aka saka yana kora su yana cinye musu ƙarfin da za su koma da shi. A irin waɗannan wurare a nemi izinin ma'aikatan daji tukuna, in sun ce ba a shiga da kare, a zagaya.

Kusa da garke ma a ɗaure shi. Saniya mai ɗan maraƙi ba ta wasa da kare, karnukan ruga kuma ba sa maraba da baƙo. A yankin da manoma da makiyaya suka sha samun saɓani a kan gona da mashaya, tunkiya guda da kare ya yaga tana iya tayar da abin da ya fi ƙarfin mai karen.

Addini bai hana wannan tafiya ba. Hadisai sun halatta riƙe kare don farauta da kiwo da gadin gona, aya ta huɗu ta Suratul Ma'ida ta yi maganar abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, kuma a mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Akwai kuma sanannen hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo wa kare mai ƙishirwa ruwa a huffinsa. Amma mutane da yawa ba sa son kare ya raɓe su, kuma haƙƙinsu ne. A ɗaure shi nesa da masallaci da bakin rijiya da tabarmar jama'a.

Da an shiga gari inda za a kwana, gidan bulama ko mai unguwa ne farkon zuwa. A yi sallama, a gaisa, a ce: "Ranka ya daɗe, baƙo ne daga Haɗeja, zan wuce Guri gobe da asuba, ga karena, ga takardar allurarsa." A nuna katin shaida. Wannan ya zama dole a zamanin da baƙo mai kare da adda ke iya jawo zargi. Mutanen Arewa ba su manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 suna kan hanyar komawa Kano ba. A gida kuma a bar wa wani sunayen garuruwan da za a kwana da ranar dawowa, domin akwai wuraren da waya ba ta kamawa, caji kuma yana ƙarewa.

Aikin aji

Ɗalibai su kasu uku-uku. Kowane rukuni ya zaɓi garuruwa biyu a masarautar Haɗeja da ke da nisan da ya wuce tafiyar yini, ya zana hanyar a takarda, ya sa alama a inda ake samun ruwan sha, da inda ake fito, da inda mota ke zuwa. Su raba ta zango-zango a kan kilomita 15 a yini, su lissafa litar ruwan da mutum ɗaya da kare mai kilo 12 za su buƙata a kowane zango. Kafin darasi na gaba, kowane rukuni ya tambayi masunci ɗaya da makiyayi ɗaya halin da hanyar take ciki a wannan watan, ya rubuto abin da kowannensu ya faɗa da ranar da ya bi ta ƙarshe.